Mai Sauƙi Ko Mai Wuya?

"Baba, duba min wannan," in ji Raihana, ta tura allon chess, darar Turawa, gaban mahaifinta. "A kashe baƙin sarki a wasa biyu. In ce wa ɗalibaina mai sauƙi ne ko mai wuya?"

Malam Zailani, tsohon gwanin chess na Samaru, mai rantsuwar idonsa garau yake, ya daɗe yana kallon allon.

"Tsaka-tsaki. Ga sarkin nan, ba shi da mafita." Ya lalubi makullin mota. "Kira yaranki in kai su makaranta Sabon Gari."

Raihana ta riga shi ɗauke makullin. Ta buɗe ɗaya hannunta.

Baƙin sarkin na ciki. Tun farko ba ta ɗora shi a kan allon ba.