Motar da Ta Kasa Hawa Tudun Garinsu

Kai da kake cewa ai kana aike gida, don haka ba ka yanke zumunci ba, gyara zama ka ji labarin wani mai tsohuwar mota.

Mutumin nan katako yake sayarwa a birni, yayarsa kuwa tana can ƙauyensu bayan duwatsu. Ita ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita kaɗai ta rage a duniya mai kiransa Tanko ba tare da ta liƙa masa Alhaji ba. Da mijinta Malam ya rasu, hidimar kasuwa ta riƙe shi, ya ce sai sadakar uku. Uku ta wuce ya ce bakwai, bakwai ta wuce ya ce arba'in. Daga nan kuma kunya ta karɓi aikin daga hannun kasuwa: da wane ido zai dube ta? Haka shekaru suka yi ta shuɗewa, duk sallah yana aika buhun shinkafa da turmin atamfa, ta'aziyyar kuwa tana nan maƙale a maƙogwaronsa. Ga kewa tana cin sa. Ko ƙanshin daddawa ya jiyo daga gidan maƙwabta, sai tsakar gidan yayarsa ta faɗo masa a rai, ya wuni ya rasa abin da ke masa daɗi.

Ran da aka gaya masa ganinta ya yi rauni, har ba ta gane mutum sai ya yi magana, ya cika but ɗin motar da kaya ya kama hanya. A shimfiɗaɗɗen titi motar ba ta ba shi matsala ba, amma tana fuskantar tudun farko sai ta yi sanyi. Ya taka totur har ƙasa, ita kuwa sai nishi take kamar jakin da aka yi wa lodi ya wuce kima, ga wani wari irin na baragurbi yana shigowa ta taga. Dole ya juya gida. Aka canja mata fulogi, ta ƙi. Aka canja famfon mai, aka wanke tanki, ya daina shan mai a wurin 'yan bumburutu, duk a banza, kullum tudun nan ne iyakarta. Duk makaniken da aka kira, gaban motar yake buɗewa, don kowa ya ɗauka mai ne ba ya isar ta. Ba nan take ba, wai an danne bodari ta ka.

Wata rana da hantsi ta sake cijewa a gindin tudun, sai ya lallaɓa da ita wurin wani makanike mai aiki a inuwar mangwaro. Shi wannan ko bonet bai taɓa ba. Ya ce a tayar da ita, ya zagaya baya ya tara tafin hannunsa a bakin salansa. Iskar da ke fitowa ba ta isa ta kashe ashana ba. Ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashi, ya kwance notunan da suka haɗa bututun hayaƙi da wata 'yar tukunyar ƙarfe da ke tsakiyarsa, wadda zafi ya riga ya sauya wa launi. Ana sake tayarwa injin ya yi wani ruri har awakin bakin hanya suka watse. Da ƙarfen ya huce ya ciro tukunyar. Aikinta tace hayaƙi, cikinta 'yan ramuka ne birjik kamar saƙar zuma, makanikai kuwa indomi suke ce mata. Ya ɗaga ta saitin rana, ko ɗigon haske bai ratso ba. Baƙin man da injin ya daɗe yana ƙonawa ya toshe ramukan kaf.

“Alhaji, motarka ba yunwa take ji ba,” in ji makaniken. “Abin da ke cikinta ne ya rasa hanyar fita. Ko tanka guda ka ɗura mata, in dai ba ta fitar ba, ba za ta hau tudu ba. Wasu rodi suke sawa su farfasa cikin su huta, na bayansu su sha hayaƙi. Gara a sa wata, in ka dawo kuma a duba ringin injin, in ba haka ba ita ma toshewa za ta yi.”

Tanko ya zauna a kan benci ana aikin. Shi ya san ba motar kaɗai ake nufi ba, ko da makaniken bai san haka ba. Da aka gama ɗaura sabuwar tukunya, motar ta haye tudun ba ko tari, ta haye na biyu, har rufin gidajen ƙauyensu ya bayyana.

Da la'asar ya isa. Ya bar kayan a mota ya shiga hannu rabbana. Yayar tana zaune a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa da lalube, ta tsufa fiye da yadda ya zata. Yana yin sallama hannunta ya tsaya cak. Ya durƙusa a gabanta ya ce:

“Yaya, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Malam, ya sa ya huta.”

 Sai ta miƙo hannu ta laluba fuskarsa, ta ji furfura a gemun yaron da ta goya.

“Amin, Tanko. Kowa ya zo ya tafi, kai kaɗai nake jira. Yau zan naɗe tabarmar makoki.”

Dattijo da shi, ya kifa kai a kan gwiwarta ya yi kukan da ya kamata ya yi tun ran da aka kai Malam makwancinsa.

Shi ya sa Hausawa suka ce zumunta a ƙafa take.