Hoton da Uwa Ta Zaɓa

Mai mujallar ya baje wa uwar hotunan ɗanta mawaƙi a tebur, ya ce ta taya shi zaɓen na bangon mujalla. Shekara da shekaru yana buga mujallar nan a birnin Detroit na Amurka, don baƙaƙen fata su ga fuskokin mawaƙansu na hip-hop ba sai an kama su ko an harbe su ba.

Ta ture duk waɗanda ɗan ya murtuke fuska. Ta ɗauki guda ɗaya da dariya ta ƙwace masa.

"Haba 'yar uwa, wa zai sayi wannan? Ya washe baki kamar mai waƙar coci."

"Sa wanda ka ga dama a mujallarka. Wannan ni zan ajiye. Lokacin rasuwar yayansa, hoton da 'yan sanda suka ɗauka muka buga a rigunan makoki, don ba mu da wani."

"Ɗanki fa ga shi can waje, lafiyarsa ƙalau."

"Na sani."

Ya nemo ambulan ya saka mata. A waje ɗan nata na gwada sabon baiti, yana kiɗa a jikin mota da tafin hannu.