Faifan da Ya Ƙi Fita

Kwamfutar ta sake ƙi. Injiniya ta danna wurin cire faifai, saƙon nan ya fito kamar kullum: ba za a iya cire shi yanzu ba, wata manhaja tana amfani da shi.

Ta ja tsaki. Ranar hutu ce, ofishin ba kowa sai ita da ƙarar fanka. Ko mijinta ce masa ta yi za ta kasuwa. A cikin ɗan baƙin faifan ajiyar nan da ake jona wa kwamfuta, wanda bai fi tafin hannu ba, akwai zanen makarantar da take neman kwangilar ginawa. Ita kaɗai ta zana shi, ƙofa a kulle, kuma gobe da safe za ta miƙa.

Ba banza take wannan ɓoyon ba. Tun bara, duk zanen da ta kai sai ta tarar wani kamfani ya riga ta kai irinsa. Tagoginta, matakalarta, har wani kuskure da ta yi a bangon baya sai da ta gan shi a takardunsu. Su a ba su aiki, ita a ce ta yi haƙuri.

Zargin ya faɗa kan Baba Mai Zane, dattijon da ya yi aiki da mahaifinta tun kafin a haife ta. Shi ya koya mata riƙe rula. Shi ke da makulli, shi ke riga kowa zuwa. Ranar da ta sallame shi bai rantse ba, bai yi gardama ba. Ya tattara fensirorinsa a leda, ya tsaya a bakin ƙofa.

"'Yata," ya ce, "Allah ya sa ki gane gaskiya ina raye."

Daga baya ta ji hawan jini ya kwantar da shi. Ba ta je ba.

Mutum ɗaya ne ya yi ƙoƙarin kare dattijon, shi ne Auta, ƙaninta. Ita ta ɗauki nauyin karatunsa, shi kuma yanzu yake kula mata da kwamfutocin ofis.

"Yaya, ni dai ban ce shi ne ba," ya ce mata a lokacin. "Ki bi a hankali."

Da ta ƙi ji, sai ya canja mata lambobin sirri gaba ɗaya, ya sayo mata faifan. Kada ta bar komai a kwamfuta, ya ce, ta riƙa yawo da aikinta a jaka. Sharaɗi ɗaya ne: kada ta kuskura ta fisge shi. In ya ƙi fita ta jira, zai saki da kansa, in ba haka ba aikin zai lalace. Tun daga nan take jira. Wani lokaci har shayinta ya huce.

Duk da haka wata kwangilar ta sake suɓucewa bayan tafiyar Baba. Injiniya ta koma yi wa sakatariya kallon ƙasa-ƙasa, ta daina amsa gaisuwar mai gadi da fara'a. Ofishin da ake raha a da ya koma kamar gidan makoki.

Yau jiran ya yi tsawo. Ta rufe duk abin da ta buɗe, ta sake dannawa. Saƙon dai. Ta ɗauki waya za ta kira Auta, sai ta tuna ya ce ɗansa na kwance a asibiti tun jiya. Ba za ta ɗora masa damuwa a kan damuwa ba. Maimakon haka ta rubuta tambayar a wayar: yaya ake gane manhajar da ta riƙe faifai?

Ashe ba wuya. Ta buɗe tagar da ke nuna duk abin da ke aiki a cikin kwamfutar, ta sa harafin da kwamfutar ke kiran faifan da shi a wurin bincike. Suna ɗaya ya fito. Ba ta san shi ba, ba shi da tambari, ba ta taɓa buɗe shi ba. A gefensa wata lamba ce ke ta hawa, kuma abin da ke saman lambar ya nuna aikawa ake yi ta intanet.

Tana zaune, tana kallo, ana kwashe mata makarantarta aji bayan aji.

Baba ya faɗo mata a rai. Mutumin da ko linzamin kwamfuta bai iya riƙewa ba, wanda har ya bar ofishin a takarda yake zane.

Ta danna sunan, ta kashe manhajar. Lambar ta tsaya cak. Ta koma wurin cire faifai, nan take kwamfutar ta ce ta cire lafiya. Ta zare shi, yana da ɗumi, ta jefa a jaka.

Daga nan gidan Baba za ta wuce, ta durƙusa, ko da zai kore ta. Shi kuma Auta sai yaron ya samu sauƙi za ta gaya masa. Ta san zai ji zafi, duk tsaron da ya sha wahala ya kafa, ashe wani ɗan iska ya ratsa shi.

Tana laluben makulli wayar ta yi ƙara. Auta ne. Ta ɗauka da sauri.

"Auta, lafiya? Ya jikin yaron?"

Bai ma gaishe ta ba. Numfashinsa take ji sama-sama, shi da bai san ta fito daga gida ba.

"Yaya, me ya sa kika cire faifan?" ya ce. "Maza ki mayar, ai bai gama ba."