Babur a Ƙofar Clémentine

Kwana goma Bilya yana ce wa matarsa Kaltumi a waya yana garin Tcholliré sarin gyaɗa. Yau sai ga babur ɗinsa a nan Garwa, ƙofar gidan Clémentine, malamar asibitin nan marar aure.

Da cikinta wata tara Kaltumi ta banka ɗakin. Bilya yana kwance cikin duhu. Ta shaƙe wuyan rigarsa, fuskarta dab da tasa.

"Nan ce Tcholliré?"

Clémentine ta yaye labulen taga. Ƙurajen ƙarambau sun rufe shi har wuya.

"Shi ya roƙa in ɓoye shi, don kada ki kamu da ciwon ya taɓa jaririn cikinki," in ji ta. "Madam, kin taɓa yin ƙarambau?"

Kaltumi ta dubi hannuwanta. Ba ta taɓa yi ba.