Takardun Yaron Nan

Da hannunsa shugaban makaranta ya liƙa sanarwar a ƙofar ofis: daga yau kowane uba ko uwa na da ikon ganin takardun ɗansu. Gam bai gama bushewa ba wata dattijuwa ta shigo, ta zauna tun ba a ce mata bismilla ba.

"An karanta min abin da ka liƙa. Takardun yaron nan na zo gani."

Shugaba ya gaishe ta har ƙasa. Ya san yaron sarai, ya kuma san abin da ke cikin fayil ɗinsa. A aji mai mutum arba'in da biyu yaro ya zo na 41, shi ma don na ƙarshen bai zo jarrabawa ba ne. Kafin ya isa gida sai ya sa reza ya kankare huɗun a katin sakamakonsa. Tun daga ranar uwar ke yawo da labarin ɗanta na ɗaya, gidan suna da gidan biki, har maƙwabta suka haddace. Yau kuwa asirin yaro na hannun shugaba, kuma wallahi tausayinsa yake ji.

Ya gyara murya. "Ai ɗalibi ma yana da sirrinsa. Sai an nemi yardarsa tukuna."

"Sirri? Yaron da na goya, na yi wa wanka? Nuna min inda ka rubuta haka a takardarka."

Bai rubuta ba. Sai ya ce makullin ɗakin ajiya ya ɓace. Sakatarensa, sabon ɗauka mai rawar kai, ya ce ai ga shi nan a aljihunsa, ya tambayi sunan ɗalibi.

"Ɗan fari ne, ba na faɗa," in ji ta. Ta kwance bakin mayafi, ta zaro katin sakamakon a naɗe cikin leda.

Sakatare ya karanta sunan, tari ya sarƙe shi. Shugaba ya yi ta ƙifta masa ido har ido ya yi ruwa, amma bawan Allah ya wuce abinsa. Ya daɗe kafin ya dawo da takardar, yana atishawa, da yanar gizo a hula.

Dattijuwa ba ta yi boko ba, amma lamba ba ta ɓace mata. Ta jera takardu biyun a kan tebur, ta dubi wannan, ta dubi wancan, ta ɗora yatsa a kan huɗun. Sannan ta miƙe a hankali, ta zagayo bayan tebur, ta damƙi kunnen shugaba ta murɗa.

"Wayyo Inna! A gaban ma'aikatana? Shekara arba'in fa ke nan da na kankare huɗun nan!"