Yabon Mai Kula da Manhaja

"Karanta da ƙarfi, Yaya ma ya ji!" in ji mijina, ya miƙo mini wayarsa.

Watanni ya yi yana fama da gyaran wata manhajar kyauta, irin wadda kowa ke sa hannu a gina ta. Yau mai kula da ita ya turo sakamakon dubawa. Yayana kuwa, mai cewa zaman kashe wando mijina yake yi gaban kwamfuta, yana zaune a falo.

Na gyara murya. "Aikinka tsaf yake. Basirarka ta burge mu. Irinku muke nema."

Mijina ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. "Ci gaba, uwargida."

Na ci gaba. "Tunda ka ce ba ka da lokacin karanta aikin nasa, ga yabon da za ka manna masa. In ƙara gishiri?"

Na ɗago kai na dubi mijina.

Yaya ya ce, "Wa ke magana kuma?"

Mijina ya sauke ƙafa a hankali. "Na'urar nan ce mai yi wa mutane rubutu. Mai kula da manhajar ya sa ta rubuta yabon, ya kwafo har da maganar da ta yi masa."

"Ya aka yi ka gane ta?"

"Na san muryarta, Yaya. Ni ma ita ta rubuta mini gyaran."