Wanda Ya Fi Daɗewa

Ana tsakiyar cin kasuwar Maigatari kwamfutar shagon ta tsaya cak.

"Ayyuka sun yi mata yawa, Yaya," ƙanin ya ce wa yayansa. "Tana da iyaka. Sai an rufe wani kafin sabo ya shiga."

Yayan ne ya koya masa wannan, a shagon nan da ya kafa da guminsa ya damƙa masa.

"Wanne za ka rufe?" in ji yayan.

"Wanda ya fi daɗewa."

Ya danna, ta farfaɗo. Sai ga abokin ƙanin ya shigo riƙe da makullin shagon, ya tsaya yana kallon inda yayan ke zaune.

Ƙanin bai ko ɗago kai ba. "Kujera biyu ce a shagon nan, Yaya."